Bula a Rigar Dikko

Kwanan baya wani saurayi ya shigo shagona da waya mai ido uku a baya, ya tsaya a kaina ina gyara hoton fasfo na wata tsohuwa. Da ya ga na daɗe a kan kunci ɗaya, sai ya ce, "Baba, ai wanga dannawa guda na a wayata." Na ci gaba da aikina, don in ka biye wa yaran yanzu sai a ce tsufa ya fara taɓa ka. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin aiki guda, ku da kuke ganin sana'ar hoto dannawa ce. In kun gama ji kuka gane inda gaskiyar launi take, ku zo ku gaya mini, don ni har yau ban gama ganewa ba.

Sunana Garba, amma a Sabon Birni in ba ka ce Garba Mai Hoto ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. A Isa na koyi aiki, wurin Alhaji Rafi'u, wani Bayarabe da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida Gobiranci. Aikina na farko shara ne da riƙe labule. Labulen nan an zana masa gidan sama da jirgi a bisa, duk wanda ya tsaya gabansa sai ya zama mai gidan sama na ɗan lokaci. Na daɗe ina riƙe shi kafin a bar ni in shiga ɗakin duhu, na kuma daɗe ina wanke kati a kwanonin magani ina shanyawa a igiya kafin a bar ni in taɓa kyamara. Da hoto mai launi ya shigo, Sakkwato muke aika fim ɗin ta hannun direbobi. Wani lokaci ya dawo lafiya, wani lokaci amarya ta dawo koriya.

Alhaji ba ya duba hoto a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ko ana ruwa sai ya kai shi bakin ƙofa. Yakan riƙe katin da gefensa ya ce, "Garba, biɗi hwari. Hwari shi al liman, sauran launi mamu na. In liman ya tsaya daidai, sahu ya tsaya daidai." Wannan magana ita ce jarin da na baro Isa da shi, ban da tsohuwar kyamara da ya ba ni ranar da ya sallame ni.

Da kwamfuta ta zo, sai na tarar ita ma ta san maganar Alhaji. A cikin manhajar gyaran hoto akwai wani ɗan abu mai kama da na ɗiga maganin ido. Ka ɗauke shi da linzamin kwamfuta ka taɓa wurin da ka san fari ne a hoton, ita kuma ta ce to, wannan shi ne fari, ta miƙe sauran launuka a kansa. A ƙasarmu kuwa neman fari ba wuya. Da wuya a kawo maka hoton da babu farar riga ko farar hula ko rawani a ciki. Shekara da shekaru ina taɓa farar riga ina samun daidai, ko kuma abin da nake zaton daidai ne. Gilashin kwamfutata na lokacin irin mai ƙatuwar ƙeya ne, nauyinsa ya kai rabin buhun gero, amma abin da ya nuna mini shi firinta take fitarwa. Masu zuwa ma ba su da wuyar sha'ani. Mata su ce a ƙara musu haske, dattawa su ce a rage furfura kaɗan kar a gane, fatake su ce a tsayar da su gaban babbar motar da ba tasu ba.

Sai shekarar da hanya ta lalace. Kun san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Ƙauyukan gabas suka yi ta kwararowa gari, biki ya koma ɗaurin aure a watse, ba mai neman mai hoto. Abin da ya rage mini hoton fasfo ne na masu neman katin tallafi. A cikin wannan hali janareta ya yi wani tari da rana tsaka, mai ƙeya ya yi ƙauri ya mutu. Na sayi wani gilashi siriri na hannu wurin wani ɗan kasuwa da ya shigo da shi daga Nijar. Kyakkyawa ne, haskensa har kashe ido yake. Sai dai in kana zaune launi daban, in ka miƙe tsaye launi daban, in ka leƙo ta gefe mutum ya koma kamar negatif. Hotuna suka fara fita da ɗan rawaya-rawaya. Mata ba su yi ƙorafi ba, wasu ma har godiya suke, wai hannuna ya ƙara kyau. Wani tela ne kawai ya dawo mini da hoton shaddarsa mai ruwan sararin sama, ya ce shi bai taɓa ɗinka yadi launin miyar kuka ba. Na ɗora wa tawada laifi, na ba shi haƙuri.

A wannan tsakani Sambo ya shigo. Bafulatani ne na wajen Burkusuma, amma tun yana saurayi ya bar sanda ya kama fatauci, yana kai kaya Nijar a babur yana dawowa da wasu. Ya zauna a benci, muka gaisa, ya kwance bakin rawaninsa ya fito da memori na waya.

"Mai hoto, wani aiki nika so ka yi min, amma ba na ado na ba. Shaida ta."

Ya ba ni labari a taƙaice. Yayansa Dikko ya rasu ranar da aka kore musu shanu. Garke duka ya tafi. Matar Dikko, Hajo, tana takaba a gidan dangi a nan cikin gari da 'ya'yanta, ba su tsira da ko akuya ba. To ana nan sai Sambo ya je wata kasuwar shanu a ƙetaren iyaka, ya hangi saniya ɗaya daga cikin na yayansa a hannun wani mutum. Fure suke ce mata, wato mai launin toka a Fulatanci. Mutumin ya rantse tun tana maraƙa take hannunsa. Tsagar kunnenta irin ta danginsu ce, amma rabin Fulanin yankin haka suke tsagawa. Aka ce Sambo ya kira ta in tasa ce.

"Na yi kira hat muryata tad dushe," ya ce. "Ko kai ba ta ɗaga ba. Ba ta san ni ba, muryar Dikko ɗai tas sani. Mutane sunka yi ta dariya."

Sarkin shanun kasuwar dattijo ne mai tsoron Allah. Ya karɓi saniyar ya ɗaure a gidansa, ya ce a kawo shaida. Shaidar da Sambo yake da ita hoto ɗaya ne da ya ɗauka da wayarsa ranar wata Salla: Dikko cikin farar riga, ya ɗora hannu a tozon Fure. Ya nuna wa dattawan kasuwar a waya, suka ce su inuwa biyu kawai suke gani, kuma a waya har fukafukai ana sa wa mutum. A kawo a takarda.

Na buɗe hoton, na ga abin da dattawan suka gani. Rana tana bayansu, mutum da saniya duk sun yi duhu. Ƙahonin sun fito, amma shanu nawa ne masu irin ƙahon nan? Launi ne zai raba gardama. Na ɗaga hasken a hankali har fuskar Dikko ta bayyana, sai Sambo ya juya kai wajen ƙofa. Na ɗauki abin ɗiga maganin ido na taɓa ƙirjin rigar. Nan take saniya ta fito a gilashi, toka sak, da ɗan duhu a wuya.

"Ita ta," in ji Sambo. "Wallahi ita ta."

Na buga a babban kati na sa a ambulan. Babur yana jiransa a waje da kaya, shi kuma ba ya son sake haɗa ido da yayansa, bai ko buɗe ba ya cusa a ƙirji. Ni ma ban kai katin bakin ƙofa ba, na dai ga saniya da mutum sun fito, na ce Allah ya ba da sa'a.

Da ya dawo bai zauna a benci ba. Ya ajiye katin a tebur ya danne da yatsa.

"Mai hoto, mi nay yi maka?"

"Lahiya, Sambo?"

"Gaban jama'a sarkin shanu yab buɗe takardag ga. Ya dibi hoto, ya dibi saniya, yac ce, Malam, wagga ta hannunmu Fure ta, wagga ta takardarka Ole ta. Mai saniyar yac ce a kira jandarma. Ba don sarkin shanu ya san ubanmu ba, da can ni ka kwana."

Ole, in ba ku sani ba, ita ce saniya mai rawaya-rawaya, launin karan dawa busasshe. Na ɗauki katin na kai ƙofa. Ole ce kuwa, ko makaho ya shafa zai ce Ole. Na dawo na kunna kwamfuta na buɗe aikin, ga Fure tana kallona, toka sak. Na riƙe katin a gefen gilashi. Hoto ɗaya, mutum ɗaya, shanu biyu. Sarkin shanu ya ɗaga wa Sambo ƙafa zuwa ƙarshen wata, in bai kawo abin kamawa ba zai kwance saniya ya miƙa wa wancan.

Firinta na fara kamawa da laifi. Na zuƙe tawadar da ke ciki na zuba sabuwa, Ole. Na wanke kan firinta har sai da na ji tausayin tawadar da nake zubarwa, Ole. Na bar kati mai sheƙi na koma marar sheƙi, Ole ta ƙara nuna. Na ce ko wutar janareta ce, na roƙi maƙwabcina mai cajin waya ya ja mini ta sola, ba abin da ya sake. Na cire koren labulen ƙofa don kar ya riƙa yi mini inuwa a ido. Na duba a zaune, na duba a tsaye, na duba a durƙushe, har mai shayin da ke gabana ya aiko a tambaya ko wani abu na yar. Daga nan na tura hoton a wayoyin mutanen teburin shayin. A wayar wani saniyar ta yi shuɗi-shuɗi, a ta wani ta yi launin kunun gyaɗa, a ta uku kuwa har da ɗan ja. Gardama ta kaure a teburin, kowa ya rantse wayarsa ce mai gaskiya tunda ya san abin da ya saye ta. Na fara zargin idona. Na kai kati gida na nuna wa maiɗakina tare da na waya, na ce ta gaya mini bambancinsu. Ta duba ta ce, "Duk saniya ta," ta ci gaba da tankaɗe.

Da abin ya ishe ni na hau kabu-kabu zuwa Isa, a lokacin da ba a hawa hanyar sai da dalili. Alhaji Rafi'u ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa Lamiɗi ne a shagon, kayan aikinsa kuma sun fi nawa. Ya sa aikina a kwamfutarsa. A gilashinsa Ole, a katinsa Ole.

"Yaya Garba, firintarka ba ta da laihi," ya ce. "Gilashinka na maƙaryaci. Shuɗi ya yi mai yawa. Kai kana ganin abu ya yi sanyi kana ƙara mai rawaya, shi yana ɓoye ma rawayar, kati kuwa ba ya ɓoyo."

Ya ce akwai wata na'ura da ake ratayawa a gilashi ta auna launi da kanta, amma shi ma a bidiyo kawai ya taɓa ganinta. Ya nuna mini dabarar talaka. Ka bar gilashi ya ɗan yi zafi, ka buɗe farin shafi wanda ba komai a kai, ka riƙe farin katin hoto a gefensa da hasken ƙofa, ka shiga maɓallan da ke ƙasan gilashin kana rage shuɗi da haske har fari biyun su daina musu da juna. Na dawo gida na yi haka. Da na gama na buɗe tsofaffin ayyukana na watannin nan, na ga duk mutanen da na gyara kamar masu ciwon shawara. Tela yana da gaskiya.

Na ɗauka an gama. Na kira Sambo, na koma kan asalin hoton na memori wanda ban taɓa ba, na ɗaga haske, na taɓa rigar Dikko. Saniya ta fito a gilashi Ole. Na buga, Ole. Yanzu gilashi da kati sun daina saɓani, sun haɗa baki a kan abin da ba ma so. Na sake daga farko, na taɓa kafaɗar rigar maimakon ƙirji, na taɓa hannun riga, na taɓa gindin aljihu. Ko'ina na taɓa, amsa ɗaya ce.

"Sambo, rigag ga hwara ta ko?"

"Ai ga ta ga jikina," ya ce, ya kama wuyan rigar da ke jikinsa. "Ita anka ba ni da anka raba tuhwahinai."

Na dubi rigar. Farar shadda ce, ta ɗan sha jan ƙasar hanya, amma fara ce ba shakka. To in liman ya tsaya daidai, ta ina sahu zai karkace? A nan ne kaina ya kulle gaba ɗaya. Ban ɓoye muku ba, har na fara tunanin ko Dikko da wata saniyar ya tsaya ranar, ko kuwa baƙin ciki ne ya sa Sambo ganin Fure a jikin saniyar mutane. Rina ta toka ba wuya gare ni, in zagaye jikinta in zare rawayar, kafin shayi ya huce na gama. Amma wannan rini ne, ba hoto ba, kuma gaban dattawa za a kai shi a matsayin shaida. Na gaya wa Sambo haka.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kai ma ka ɗauke ni maƙaryaci ke nan." Ya tashi ya fita bai ɗauki katin ba. Maganar ta yi mini zafi, don ban iya rantsewa cewa ba haka na ɗauke shi ba.

Wata ya kusa ƙarewa lokacin da Hajo ta fita takaba. Da hantsi suka zo tare, Sambo a gaba ita a baya, doguwa, siririya, ta ja baƙin mayafi har goshi. Ta gaishe ni daga bakin ƙofa, na yi mata ta'aziyya. Sambo ya ce, "Adda ta ce sai ta gani da idonta." Na miƙa mata katin. Tana karɓa ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar mijin ta rufe, sannan ta sunkuya ta duba sauran. Na zaci a kan saniyar za ta tsaya, amma ko minti ba ta yi a kanta ba.

"Wanga ba wankina na ba," ta ce.

"Na'am?"

"Rigar. Ni niw wanke mishi ita jajibirin Sallag ga. Ina bular?"

Na ce mata, baiwar Allah, ai ba rigar ake shari'a a kai ba, saniya ce. Ta ce ita dai ba ta taɓa bari mai gidanta ya je Idi da riga fara fat kamar likkafani ba. Bular Nijar take sa masa, wadda Sambo yake kawowa, tana kama jiki. Ta nuna rigar da ke jikin Sambo da haɓa ta ce matarsa da garin sabulu kawai take wanki, ta kashe rigar.

Na buɗe baki za ni sake ba ta haƙuri, sai maganar bular ta faɗo mini a rai. Na zauna a kujera. Bula dai kun san ta, shuɗin garin nan da mata suke jiƙawa a ruwan ɗauraya na ƙarshe don farin kaya ya yi ƙyalli. Ido yana ganin rigar ya ce fara ce ƙal, alhali shuɗi ne a jikinta. Ni kuma na ɗauki abin ɗiga maganin ido na taɓa riga mai shuɗi na ce wa kwamfuta wannan shi ne fari. Ita ba ta musu. Ta zare shuɗin daga rigar, ta zare daidai wannan shuɗin daga komai na cikin hoton. In ka zare shuɗi daga toka, abin da zai rage rawaya ne. Da farko gilashina mai yawan shuɗi ya mayar mata da abin da na zare, na ga Fure. Ƙarya biyu suka haɗu suka ba ni gaskiya a gilashi, da na gyara ɗaya sai ɗayar ta fito fili. Na tuna riguna nawa na taɓa a shekarun nan ban taɓa tambayar wanda ya wanke su ba.

Na yi musu bayani iyakar iyawata. Sambo ya ce to a mayar da bular mana. Na ce a nan gizo yake saƙa. Nawa za ni mayar? In na mayar kaɗan ta zauna Ole, in na zarce ta koma shuɗiya kamar ta wayar teburin shayi. In kuma na yi ta ƙarawa har sai ta yi mana yadda muke so, mun koma rini. Babu wani fari a hoton ban da rigar, kuma rigar ta ranar Salla ba ita ce ta jikin Sambo yau ba.

Hajo ta miƙo mini katin, hannunta yana kan fuskar har sai da na karɓa. Ta juya ga ƙanin mijinta.

"Sambo, tuɓe rigar."

"Nan, Adda?"

"In mun je gida. Ka biɗo min bula, irin wadda ka saba."

Washegari ta zo da ita a naɗe cikin zane. Ta warware a kan benci. An wanke, an sa bula, an buge ta har tana sheƙi. Ni da na ga rigar jiya a jikin Sambo ban gane ta ba. Fara ce, amma da ka ajiye farin kati a kanta sai ka ga katin ya yi kamar madara, ita kuma kamar sama da sassafe.

"Hakanga nika yi mishi ko wace Salla," ta ce. "Hannuna bai mance ba."

Muka rataye rigar a ƙofa, a inuwa, rana tana bayanta kamar yadda take a hoton. Na koma kan asali na ɗaga haske, ban taɓa komai da abin ɗiga magani ba. Da hannu na riƙa ƙara shuɗi kaɗan-kaɗan ina bugawa a ƙananan kati. Na ce mata kar ta dubi saniya sam, rigar kawai za ta gwada da riga. Duk katin da na miƙa mata sai ta rufe fuskar da babban yatsa, ta kai shi jikin rigar, ta ce, "Ƙara." Na ƙara. "Ƙara." Ni ina ganin ya isa, ita tana cewa da saura. Ina lura da gefen hoton, ganyen bedi, wato dogon yaro, da ke bayansu ya bar launin busasshe ya koma kore, ƙasa ta daina yin kamar an zuba mata manja. A wani kati ta tsaya, ta matsa da shi kusa, ta ja baya.

"Tsaya nan. Wanga shi na wankina."

Sai a sannan muka dubi saniyar mu uku. Toka ce, da duhu a wuya, da wani ɗan haske a gefen ciki wanda ban taɓa lura da shi ba a duk bugun da na yi. Sambo ya sauke numfashi ya ce Alhamdu lillahi. Hajo ta naɗe rigar ta miƙa masa ta ce ita zai sa ranar kasuwa, kar ya je gaban dattawa da datti.

Abin da ya faru a kasuwa daga bakin Sambo na ji. Sarkin shanu ya fito da saniyar fili, ya riƙe katin a gefenta, dattawa suka kewaye. Suka ga duhun wuya, suka ga hasken ciki, suka ce launi ya yi. Mutumin da aka same ta a hannunsa ya ce takarda ce, jiya Ole yau Fure, gobe kuma wa ya sani. Maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Ana cikin haka saniyar ta ja igiya daga hannun mai riƙonta, ta ratsa mutane ta zo ta tura hancinta cikin rigar Sambo, ta tsaya a nan tana shaƙa. Wancan zuwan ma da rigar nan ya je, ko kallonsa ba ta yi ba. Sarkin shanu ya ce shaidu biyu sun cika, a ba shi igiya.

To ku gaya mini, aikina ne ya dawo da ita ko wankin Hajo? Na juya abin ta kowace fuska ban samu matsaya ba. Ranar da Sambo ya biyo da ita ta ƙofar shagona ma da la'asar ne sakaliya, rana ta yi ja, na fito na dube ta da kyau. Wallahi a idona Ole ce. Ban gaya wa kowa ba. Abin da na sani shi ne tun daga lokacin ba na taɓa farar riga a hoto sai na tambayi wanda ya wanke ta da abin da aka sa mata. Wasu su amsa, wasu su dubi juna, na san cewa suke Garba ya fara taɓuwa.

Katin shaida yana wurin sarkin shanu, ya ce zai ajiye. Bayan kwana biyu Hajo ta zo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in buga mata nata. Na ce ko in cire saniyar in faɗaɗa shi, in sa masa masallacin Makka a baya kamar yadda ake yi wa mamata. Ta ce a'a, in bar shi yadda yake. Na buga na kai ƙofa na duba, sannan na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu, ta gefe da gefe, ba ta rufe komai ba. Ta daɗe tana kallo. Na koma na kama goge teburin da ba shi da datti.

"Ranag ga da sahe yac ce min bular ta yi yawa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Nic ce ba ta yi ba. Hat yat tahi Idi muna musu."

Ta ƙara matso da katin kusa da fuskarta, ta shafa ƙirjin rigar da yatsa.

"Ta yi yawa," ta ce.